Tambaya da Amsa: Yayana ya sayar da gida ya koma zama a mota

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana ya yi ritaya a Amurka, ya sayar da gidansa ya sayi mota mai ɗaki a ciki, wai shi da matarsa suna aikin sa-kai a bakin teku a jihar Oregon. Talauci ne ya kama shi yake ɓoye mana, ko kuwa haka ake yi?
Daga wata Hajiya a Jega

Amsa: Wa'alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsari ne sananne a can, musamman ga 'yan fansho. Motar ana kiranta RV, tana da gado, kicin da banɗaki. Gaɓar Oregon ta kai kilomita 580 a gefen Tekun Fasifik, babbar hanya mai lamba 101 na bin ta, ga wuraren shaƙatawa na gwamnatin jiha jere a kanta. Su ke ɗaukar masu sa-kai, galibi na wata ɗaya ko fiye: tarbar baƙi, share filin kwana, sayar da itacen wuta, ko zagayawa da mutane hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, irin ta Heceta Head da aka kunna a 1894. Ba albashi. Ladan shi ne wurin ajiye mota kyauta, yawanci da wuta da ruwa. Kusan cin rani ne, sai dai ba a dawowa da guzuri.

Abin da ya kamata ki tambaye shi ba kuɗi ba ne, lafiyar motar ce. Tankuna uku gare ta: na ruwan sha, na ruwan da aka riga aka yi wanka da wanke-wanke da shi, da na masai. Kuskuren sabon shiga shi ne ya bar bawul ɗin tankin masai a buɗe saboda ya riga ya jona shi da bututun zubarwa. Sai ruwa ya tsiyaye, ƙazanta ta taru ta daskare, ta toshe. Ana barinsa a rufe sai ya kai kashi biyu cikin uku, a fara sakin na masai, a bi da na wanka don ya ɗauraye tiyo.

Sai danshi, wanda shi ne babban abokin gaba a wannan gaɓa mai yawan ruwan sama. Numfashin mutum biyu da tururin girki a ɗan ƙaramin ɗaki sukan sa taga ta wayi gari tana zufa, ruwa na gangarowa. In an yi sake, fumfuna ta fito bayan katifa da cikin kabad. Maganinsa a buɗe mashigar iska ta rufi ko da ana sanyi, a kunna na'urar tsotse danshi, a riƙa ɗaga katifa. Iskar gishiri kuma na cin ƙarfe, don haka ana wanke ƙarƙashin mota da ruwan famfo, a duba liƙin rufi aƙalla sau biyu a shekara. Taya tana tsufa ko ba a yi tafiya da ita ba. Bayan shekara biyar zuwa bakwai a canja, ko da zanenta bai cinye ba. Lamba huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta su ne mako da shekarar ƙera ta.

Mai kuwa, babbar motar kan sha lita ɗaya a kilomita uku zuwa huɗu. Shi ya sa suke son zama wuri ɗaya.

Tambaya: Ni matashi ne, zan iya bin wannan hanya in fita waje?
Daga wani ɗalibi a Gusau

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Wuraren shaƙatawar ba su ba da biza, ba su biyan kuɗin jirgi, kuma da motarka kake zuwa. Duk dillalin da ya ce ka biya shi ya samo maka gurbi, kuɗinka yake so.