Hukuncin shirya gasar wasan yaƙi na kan tebur da yin aikin sa kai a cikinta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a nan Yamai. Wani abokinmu da ya yi karatu a Faransa ya dawo da wani wasa wanda ake jera ƙananan sojojin roba a kan tebur, kowane ɗan wasa da rundunarsa, ana auna tafiyarsu da metir, ana jefa ƴan lido domin a san ko harbi ya samu. Mun fara yin sa a fadarmu har ya karɓu, yanzu muna son shirya gasa ta yini biyu a wani zaure da za mu yi haya. An ɗora mini rubuta sunayen ƴan wasa, da karɓar jikka biyu-biyu daga kowa, da alƙalanci, kuma ba a biyana ko dala. Daga kuɗin za a biya zaure, abin da ya rage a ba wanda ya zo na ɗaya. Yayana ya ce gumaka ne da caca. Mene ne hukuncin aikina?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Malaman usulu suna cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san kamanninsa, shi ya sa, ɗana, na nemi ka kawo mini kayan wasan kafin in rubuta komai. Na riƙe ɗaya daga cikin sojojin a tafin hannuna, tsawonsa bai wuce santimita uku ba, amma yana da kai da fuska da yatsu riƙe da bindiga, har an ɗiga masa idanu da fenti, aikin da ba ya yiwuwa sai da burushi mai tsini da haƙuri mai yawa. A cikin kwalin akwai kuma tankokin yaƙi da rusassun gidaje na roba, da littafin dokoki mai kauri, da ƴan lido masu fuska shida sun fi ashirin.

Wannan wasa yana da asali a wajen sojoji. A shekarar 1824 wani hafsan Furusiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya fitar da dokokin wani wasa da ake koya wa hafsoshi dabarun yaƙi a kan taswira, inda ƴan guntayen ƙarfe masu launin ja da shuɗi suke tsayawa a matsayin runduna. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga dokokin yin sa da sojojin wasan yara domin nishaɗi, sannan kamfanin Games Workshop ya fitar da Warhammer a 1983 da Warhammer 40,000 a 1987, wanda shi ne nau'in da abokinku ya zo da shi. Kwaikwayon yaƙi a kan kansa ba laifi ba ne, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Habashawa sun yi wasan mashi a cikin masallaci, Annabi (SAW) yana tsaye Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Abin dubawa shi ne abubuwan da aka haɗa da wasan.

Maganar kuɗi ba ta buƙatar dogon bayani, kuma a nan yayanka ya yi gaskiya. Idan a misali mutum ashirin suka biya jikka biyu-biyu, aka tara jikka arba'in, aka ba mai zaure ashirin da biyar, aka miƙa wa zakara sha biyar, to waɗannan sha biyar ɗin kuɗin mutanen da aka cinye ne, kowa ya saka nasa bai san ko zai ci ko za a ci shi ba. Wannan ita ce cacar da aka haramta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma ƙwarewar ɗan wasa ba ta fitar da ita daga wannan suna, kamar yadda gwanin dara idan ya sa kuɗi ɗan caca ne. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita sa lada a tsere ga harbi da raƙuma da dawaki. Kuɗin shiga da ake kashewa kacokan a hayar zaure da kujeru da ruwan sha halal ne, domin ladan hidima ne, sai dai a ƙiyasta shi daidai da hidimar, in ya yi saura a mayar wa masu shi. Kyautar da wani mutum na waje ya bayar daga aljihunsa, malaman wannan zamani da yawa sun halatta ta a gasar da ita kanta halal ce, kuma a kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tafi a zamanta na Doha a 2003.

Batun sojojin roba ya fi buƙatar natsuwa. Kiran su gumaka da ma'anar abin bauta zalunci ne ga matasan da ba su taɓa nufin haka ba, amma hanin da ya zo a kan sura bai tsaya ga abin da ake bauta wa ba. A cikin Bukhari da Muslim an ce wa masu yin sura ranar alƙiyama su raya abin da suka halitta, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake da kare ko sura. Malamanmu na mazhabar Maliku, waɗanda suka fi wasu sassauci a zanen da yake shimfiɗe a takarda ko tufafi, sun haramta surar da ta haɗa siffofi uku, wato ta zama ta abu mai rai, ta kasance mai jiki da inuwa, kuma gaɓoɓinta su cika ta yadda mai irinsu zai iya rayuwa. Sojan da na riƙe ya haɗa su duka, kuma ƙanƙantarsa ba ta cikin abin da suka yi togaciya da shi. Wani zai kawo hadisin Nana A'isha da ƴan tsanarta, da dokin nan mai fukafukai biyu wanda Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya, da hadisin Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu cewa suna yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura domin su shagala da shi su cika azumi. Hujja ce ingantacciya, sai dai rangwamen na yara ne, kuma dalilinsa tarbiyya da rarrashi, ba na jin zai ɗauki magidanci mai gemu wanda yake sayen surori ɗari, ya haɗa gaɓoɓinsu da gam, ya yi musu fenti, ya jera su a kanta ana yaba masa. Haɗawar da fentin ma sun fi mallakar nauyi, tun da su ne cikon aikin mai yin sura. Tankoki da jiragen ruwa da na sama da gidaje da duwatsu da itatuwa babu komai a kansu, kuma akwai wasannin irin wannan da aka gina su a kan jirage ko tankoki kaɗai. Surar da ba ta da kai ita ma ta fita daga hani, domin a hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito Jibrilu ya yi umarni a cire kan mutum-mutumin da ke gidan ya zama kamar itaciya.

Akwai wani abin da ba ka tambaya ba amma na gani a littafin dokokin, shi ne labarin da aka gina wasan a kai yana da alloli huɗu na ɓarna da rundunonin aljanunsu, da wani sarki da mabiyansa suke bauta wa. Na san ƙagagge ne, kuma babu mai wasan da ya gaskata shi, amma bai dace da bakin da ke faɗin kalmar shahada ya riƙa kirari da sunan wani abin bauta ko da wasa ba. Haka nan idan kuka koma ga yaƙoƙin tarihi, kada ku sa Badar ko Uhudu a kan tebur, har wani ya ɗauki ɓangaren mushirikai yana murnar nasara.

Ƴan lido su ne inda malamai suka fi saɓani. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da nardu ya saɓa wa Allah da Manzonsa, Muslim kuma ya ruwaito daga Buraida cewa kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Nardu wasa ne na Farisawa da ake tafiyar da ƴaƴansa bisa abin da ƙwayar da aka jefa, wato ɗan lido, ta nuna. Mafi yawan malamai sun haramta shi ko da babu kuɗi, kaɗan daga magabata aka ruwaito sun yi rangwame idan babu caca. Risalar Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta ce wasa da nardu da shaɗaranji, wato wasan dabara mai kama da dara da Turawa ke kira chess, bai halatta ba, ta karhanta zama wurin masu yi da kallonsu, amma ta ce babu laifi a yi musu sallama. Ibn Abdil Barr ya bayyana cewa a mazhabar Maliku ana yafe wa wanda ya yi shaɗaranji jefi-jefi a cikin gidansa ba da kuɗi ba, wanda kuwa ya lazimce shi har ya shahara da shi mutuncinsa ya zube a wajen shaida, kuma gasa a bainar jama'a ta fi kusa da na biyun. Shafi'awa suna da wani ma'auni mai amfani, cewa wasan da ya dogara ga sa'a hukuncinsa na nardu ne, wanda ya dogara ga tunani da lissafi hukuncinsa na shaɗaranji ne, wanda a wajensu makaruhi ne kawai. Wasanku ya haɗa biyun, domin jera runduna da zaɓen inda za a kai hari tunani ne, amma ba a kashe soja ɗaya sai an jefa ƙwaya, wani lokaci cike da hannu. Abin da na rinjayar shi ne a bar ƙwayar, ba tare da na fasiƙantar da wanda ya bi ra'ayin masu cewa hanin ya keɓanta da nardu shi kansa ba. Barinta kuma ba ya kashe wasan, domin a 1876 wani hafsan Furusiya, Verdy du Vernois, ya fito da salon da aka ajiye ƙwaya aka bar wa alƙali masani ya yanke sakamakon kowace arangama bisa yawan runduna da yanayin filin. Ƙuri'ar da za a yi domin haɗa abokan karawa ko sanin mai farawa ba ta shiga wannan hani, domin Annabi (SAW) yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Amma aikinka na sa kai, hukuncinsa yana bin hukuncin abin da kake yi wa hidima, saboda aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta yi umarni da taimakon juna a kan alheri da taƙawa ta hana taimako a kan zunubi, kuma rashin karɓar lada ba ya canza komai a nan. A tsarin da ka siffanta bai halatta ka karɓi kuɗin ko ka yi alƙalanci ba, musamman da yake hannunka ne zai tara kuɗin cacar ya miƙa. Sai dai ba na ba ka shawarar ka watse ka bar abokanka, tun da kai ne mai rajista kuma maganarka tana da nauyi a cikinsu. Ka zauna da su a fada kafin ranar, ku raba kuɗin zaure da kyauta, ku nemi kyautar daga wani babba na unguwa ko ku wadatu da takardar yabo, ku musanya sojojin da guntayen katako masu launi da lamba ko ku tsaya ga tankoki da jirage, ku ɗauki tsarin alƙali a madadin ƙwaya. Da yake karawa ɗaya takan ci awa biyu zuwa uku, ka tsara jadawalin ta yadda azahar da la'asar za su faɗo tsakanin zagaye, a shimfiɗa tabarmi a tanadi butoci, domin aya ta 91 ta ambaci shagaltarwa daga salla da jefa gaba a tsakanin mutane a matsayin illar caca, kuma duk wasan da ya kai ga waɗannan ya haramta ko da asalinsa halal ne. Idan suka yarda da wannan, aikinka halal ne, kuma alƙalancin amana ce da za a tambaye ka a kanta, don haka kada ka karkata ga aboki. Idan suka yarda da gyaran kuɗi da na surori suka ƙi barin ƙwaya, barin aikin ya fi maka, amma mas'alar ta saɓani ce. Idan kuwa suka dage a kan kyauta daga kuɗin ƴan wasa, ka mayar wa kowa jikkarsa biyu da ka riga ka karɓa, ka sauka daga aikin cikin mutunci, ka ci gaba da gaisawa da su kamar yadda Risala ta ce.

Wallahu a'alam.