Sauyin halin yayanki da fizgar yatsunsa

'Yar'uwa, kin ce yayanki mai shekara 42, ɗan kasuwa a Agege, ya koma mai saurin fushi da mantuwa, yatsunsa suna fizga, kuma mahaifinku ya yi irin wannan kafin rasuwarsa. Wannan batu na mahaifinku shi ya fi jan hankalina, domin akwai cutar ƙwaƙwalwa da ake gada, wato cutar Huntington, wadda takan bayyana tsakanin shekara 30 zuwa 50. Idan uwa ko uba na ɗauke da ita, yiwuwar kowane ɗa ya gaje ta kashi 50 cikin 100 ne.

Wahalar gano ta ita ce sauyin hali yakan riga fizgar jiki da shekaru, sai a ɗauka ciwon damuwa ne, ko shaye-shaye, ko aljanu, a yi ta ruƙiyya kaɗai. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ku faɗi tarihin mahaifinku dalla-dalla, domin gwajin ƙwayar gado a jini ne ke tabbatarwa. Ba a warkar da ita, amma magani na rage alamominta. Idan ya ambaci kashe kansa, ku garzaya da shi asibitin masu taɓin hankali na Yaba nan take.