Yadda ake gane asalin gajimaren gas masu tsananin gudu

Ɗan'uwa na Madina, ka tambaya yadda ake sanin inda gajimaren gas ɗin nan na sararin samaniya masu gudun sama da kilomita 90 a sakan ɗaya suka fito. Sinadarai masu nauyi da ke cikinsu ake aunawa, irin su oksijin da farar wuta, a gwada da na Rana. Taurari ne ke ƙera waɗannan sinadarai, saboda haka gajimaren da ya ƙoshi da su daga cikin gungun taurarinmu aka watso shi, mai ɗan kaɗan kuwa baƙo ne. Madubin hangen nesa na Hubble kan kalli hasken kwasa (wato tsakiyar wani gungun taurari mai nisa, mai tsananin haske) da ya ratsa gajimaren, kowane sinadari ya shanye nasa layin hasken, yawan haidirojin kuma, wanda da shi ake kwatanta yawan sinadaran, daga igiyar rediyo ta santimita 21 ake samunsa. A 2016 aka auna farar wutar Gajimaren Smith, ɗaya daga cikin irin waɗannan gajimare, ta kai kusan rabin ta Rana, shi ya sa ake ganin ɗan gida ne ke dawowa.

Amma don Allah kada ka dogara da sinadarin ƙarfe wajen wannan awo. Ina karatu a Riyad na yi lissafi da layinsa, adadin ya fito ƙasa ƙwarai. Malamina ya ɗora biro kan takardar ya ce yawancin ƙarfen na manne a ƙwayoyin ƙura, ba zai fito a layin ba. Farar wuta ba ta mannewa haka, da ita na sake aikin tun daga farko.