Ɓauna ce ta kawo bakkale?

Malam, ka ce shanunka na ta ɓari tun da kuka koma kiwo gefen dajin Yankari, kana zargin ɓauna ce ta shafa musu bakkale, cutar nan mai sa shanu ɓari. Ɓauna na iya ɗauke da cutar, amma ni ba ita zan fara tuhuma ba. Galibi saniyar da aka sayo a kara ce ke shigo da ita garke.

Mu haka ta same mu. Karsana ɗaya muka sayo, ta yi ɓari a wata na 7, sauran suka yi ta lasar ɗan da mahaifar. Kafin shekara ta zagayo, uku sun bi sahunta. Ka kira likitan dabbobi ya ɗebi jininsu a gwada, abin da aka ɓarar ka sa safar hannu ka binne. Nono kuwa a tafasa kafin yara su sha, don cutar tana kama mutum.