Amsa ga ɗan'uwan da aka raba da aikinsa yake neman abin karantawa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: an kore ka daga aiki bisa ƙazafi, barci ya ƙaurace maka, kana neman littafin da ya taɓa sauya wa wani tunani game da rayuwa. Wallahi kamar labarina ka rubuta.

Ni wanda ya yi min nawa, yaron da na koya wa aiki da hannuna ne. Ni na tsaya masa aka ɗauke shi, ni nake rufa masa asiri in ya tafka kuskure. Ashe zagayawa yake wurin manya yana cewa ina karkatar da kuɗi. Ranar da aka kira ni yana zaune a wurin, ya sunkuyar da kai kamar abin ya dame shi. Washegari kuma ya bugo min waya yana jajantawa, har da cewa Allah ya bi min haƙƙina. Wannan wayar ta fi korar ci min rai. Har yau in na tuna muryarsa sai ƙirjina ya yi nauyi. Waɗanda muka yi shekaru tare kuwa, ba wanda ya buɗe baki. Kowa ya san gaskiya, kowa ya kama kansa. Na kai ina tsoron gari ya waye.

A cikin wannan hali aka ba ni Man's Search for Meaning na Viktor Frankl. Likitan ƙwaƙwalwa ne Bayahude ɗan Ostiriya, 'yan Nazi suka tsare shi a sansanoninsu daga 1942 zuwa 1945, har da Auschwitz. Mahaifinsa da mahaifiyarsa da ɗan'uwansa da matarsa duk a sansanonin suka mutu. Rubutun littafin da ya ɓoye a cikin rigarsa ma ƙwacewa aka yi. Ya fito, ya rubuta wannan ɗan ƙaramin littafi, aka buga shi a 1946. Abin da ya girgiza ni a ciki shi ne yadda ya juya tambayar. Kullum ina cewa me ya sa ni, me na yi wa rayuwa? Shi kuma yana nuna cewa rayuwa ce take tambayarka: yanzu da abin ya faru, me za ka yi, wa yake jiranka? Na ɗaga kai na ga yarana. Sun daɗe suna jira na dawo hayyacina.

Akwai wani wuri da nake so ka kula da shi sosai. Ya ce tsakanin Kirsimetin 1944 da sabuwar shekara mace-mace sun ƙaru a sansanin, likitan wurin ya danganta hakan da cewa fursunoni sun sa ran za su koma gida kafin Kirsimeti, da lokacin ya wuce sai suka karaya. Don Allah kada ka yanka wa kanka wa'adi, ka ce nan da wata kaza gaskiya za ta fito a mayar da kai. Wataƙila ta fito, wataƙila sai a lahira. Ni har yau ba wanda ya zo ya ba ni haƙuri.

Na biyu shi ne Al-Munƙiz minad Dalal na Imam Gazali. Mutum ne da yake koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, sarakuna na girmama shi. Da ya binciki niyyarsa sai ya ga neman suna ne ke tura shi. Ya yi kusan wata 6 yana kai-kawo da zuciyarsa har harshensa ya ɗaure, ya kasa karantarwa. A 1095 ya bar komai ya nufi Dimashƙ, daga nan Ƙudus, sai aikin Hajji. A wannan tsakanin ne ya rubuta Ihya'u Ulumid Din. Na yi kuka a kan wannan littafi. Kujerar da nake wa makoki, ga wanda ya fi ni komai ya tashi daga wadda ta fi ta da ƙafarsa, kuma alherinsa mafi girma bayan tashin ya zo.

Kada ka ce sai ka gama su a zama ɗaya. Shafi kaɗan bayan asuba ya isa, ka ajiye, ka fita ka taka ƙasa. Kuma ka daina leƙa shafin wanda ya yi maka ƙazafin a Facebook, guba ce. Ka faɗa wa iyalinka ainihin abin da ya faru, sun riga sun gani a fuskarka. Maganar yafiya kuwa, masu cewa ka yafe yanzu-yanzu ba su ɗanɗana ba, ka bar ta ta zo da kanta. Takardunka na wurin aikin, duk wadda take hannunka ka adana, ko don gaba.

In rashin barcin ya ci gaba, ko ka fara jin ka gaji da rayuwar baki ɗaya, ka je ka ga likita, littafi ba zai yi wannan aikin ba. Ka fara da na Frankl, ya fi sauƙin shiga. In dare ya yi maka tsawo ka turo min saƙo, zan amsa. Allah ya yaye maka, ya musanya da mafi alheri.