Tambaya da Amsa: Ko rushe hukumar wasanni zai gyara ta?

Tambaya: Malam, duk lokacin da aka zaɓi sabon shugaba a hukumar wasanni ta ƙasa, yakan zo da alkawura masu daɗi, amma kafin shekara biyu sai a koma gidan jiya: 'yan wasa suna bin bashin alawus, ba a kuma san inda kuɗi suka shiga ba. Shin ba zai fi ba gwamnati ta rushe irin waɗannan hukumomi ta naɗa nata mutanen? Daga wani mai karatu.

Amsa: Malam, mun gode da tambayarka. An sha gwada wannan shawara, kuma 'yan wasa ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. A watan Fabrairun 2022 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta dakatar da Kenya da Zimbabuwe saboda gwamnatocinsu sun tsige shugabannin ƙwallo, lamarin da ya hana ƙasashen biyu shiga wasannin share fagen kofin Afirka na 2023.

A ganina, cutar tana cikin tsarin da ke ba mutum guda damar zama mai yanke shawara, mai sa hannu a takardar kuɗi, kuma mai raba tallafi ga wakilan da za su sake zaɓensa. Duk wanda ya hau irin wannan kujera, ko da mutumin kirki ne, da wuya ya tsira, domin masu ƙuri'ar da ya kamata su tuhume shi su ne ke jiran rabonsu daga hannunsa.

FIFA kanta ta faɗa wannan rami. Bayan kama wasu manyan jami'anta a birnin Zurich a watan Mayun 2015, da faɗuwar Sepp Blatter wanda ya shugabance ta tun 1998, sai ta amince da gyare-gyare a 2016: wa'adin shugaba kada ya wuce shekara 12, a bayyana albashin manya, sannan a raba majalisar da ke tsara manufa da sakatariyar da ke gudanar da aikin yau da kullum. Wannan rabuwar ce na fi ba muhimmanci, ko da yake an fi rubuta ta a takarda fiye da yadda ake aiki da ita.

Gwamnati kuwa tana da makamin da ya fi rushewa tasiri, wato kuɗinta. A 2016 Birtaniya ta fitar da ƙa'idar cewa manyan hukumomin da ke neman tallafin gwamnati sai sun taƙaita wa'adin shugabanni, kuma aƙalla kashi 25 cikin 100 na 'yan kwamitin gudanarwarsu su kasance masu zaman kansu. Shekara guda bayan haka hukumar ƙwallon Ingila ta rage kujerun kwamitinta zuwa 10, ta ware 3 ga mata, ba tare da an tsige kowa ba.

Saboda haka, idan zaɓe ya matso, a nemi kowane ɗan takara ya gabatar da shirin shekara huɗu wanda aka ɗaure da kasafin kuɗi, mai faɗin yawan masu horarwa da za a koyar da gasannin matasa da za a gudanar, kuma ya yarda masu binciken kuɗi daga waje su riƙa duba asusun hukumar, a buga rahotonsu kowace shekara kafin a sako wani sabon tallafi.