Amsar Gwaggo kan maganar shaila

Ɗana, saƙonka ya iso ni nan Gadarif bayan la'asar. Na sa an karanta mini sau biyu. Na farko dariya na yi, na biyu kuwa sai na ji gabana ya faɗi. Wai dangin yarinyar da za ka aura sun ce shaila, wato kayan lefe, sai an kawo komai sha biyu sha biyu, laffaya, takalmi, jaka, ga sarƙar zinariya da awarwaro, ga sabuwar waya, kai kuma kana tambaya ko haka al'adarmu ta ce, domin in haka ne za ka ci bashi wurin abokan aikinka a Jidda. Kalmar bashin nan ce ta hana ni barci.

Ita shaila ai a nan Sudan muka tarar da sunanta. Mu lefe muka gada. Kakata, wadda aka goyo ta daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, cikin jama'ar da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar, ba ta taɓa faɗin adadi ba in ana zancen lefe. Cewa take yi, daidai ruwa daidai tsaki. Mijinta da kuɗin leburanci ya aure ta, lokacin da ake ginin madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925.

Bari in ba ka labarin nawa. Zamanin shugaban ƙasa Numeiri ne, a Mayurno, garin nan da jama'ar Mai Wurno suka zauna. Marigayi mijina ya tafi cirar auduga a gonakin Jazira, ya dawo hannayensa duk sun tsage, ƙwanson auduga ya yayyanka masa gefen farce. Da kuɗin nan aka haɗa kayana. Ranar da za a kawo, ina ɗakin kakata a kan angarib, wato gadon igiya, an shafe ni da lalle, ina leƙe ta kafar asabari. Akwatin ƙarfe ɗaya ne, shuɗi, an ɗora wa jaki, ƙannensa mata na biye suna guɗa. Aka sauke a tsakar gida kan tabarma, babbar yayarsa ta buɗe. Laffaya biyu, atamfa ɗaya, takalmi ƙafa ɗaya, sabulu, kwalbar man sandal, da ƙullin itacen ɗalhi na turara jiki. Gefe kuma sukari da ganyen shayi da garwar mai. Shi ke nan. Kakata ta ɗauki farar laffayar ta shinshina, ta murza bakinta da yatsu, ta ce a kira mata yaron. Da ya zo ya durƙusa, ba ta ce masa komai kan kaya ba. Hannunsa ta kama, ta juya tafin, ta dubi tsagar nan, ta tambaye shi ko akwai wanda yake binsa ko kwabo a cikin akwatin nan. Ya ce babu. Ta ce, “To, an karɓa. Kayan aro ba ya rufe katara.” Maƙwabta suka kawo kisra, wato gurasar dawa, da miya, wani ya gasa agashe, wato tsire, aka ci aka watse kafin isha'i. Farar laffayar nan shekara tara ina zuwa suna da biki da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na saki hanyar. Da zan aurar da 'yar'uwarka a birnin Madani, tsoron bakin mutane ya sa na sayar da awarwarona, na ƙara da bashi, na cika mata ɗaki da katifa da kabad da jeren tukwanen da ba a taɓa ɗora su a wuta ba. Fatur al-aris, wato abincin karin kumallon ango, shi kaɗai da muka aika gidansu ya isa cefanen wata biyu. Shekara uku ina biya. A watan Disamba na 2023 da yaƙi ya shigo Madani, da me muka fito? Yara, takardu, bargo biyu, da butar alwala. Ban yi kukan kabad ba, amma na yi kukan shekarun nan uku da na hana kaina sukuni saboda matan da yau ban san inda suke ba.

Yanzu ina ganin yaranku a waya, wanda ke kwana shi da mutum biyar a ɗaki ɗaya, sabunta ikama, wato takardar izinin zama, na ba shi wuya, amma sai ya kama zauren biki, ya ɗauko mai waƙa da mai hoto, a jera akwatuna a ɗauka a watsa wa duniya. Mutanen gida kuwa da sun ji Saudiyya sai su ɗauka riyal a ƙasa ake tsinta. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, kullum yana tuna mana cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa wani sahabi ya nemo sadaki ko da zoben ƙarfe ne, kuma malamanmu na Malikiyya rubu'in dinari suka ce shi ne mafi ƙaranci. Ban ce ka je wa 'yar mutane hannu rabbana ba. Tana da haƙƙin ka suturta ta, ka faranta mata, uwarta ma ta ɗaga kai cikin dangi.

Kada ka ce musu e, kada ka ce a'a tukuna. Ka aiko mini da abin da ke hannunka na gaskiya, ban da na aro, da lambar uwar yarinyar. Wannan magana ce ta mata, ni zan kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.